Dashen Thongmuan

A garinmu Don Khamin ba a kiran sunan mamaci da ƙarfi sai ya cika kwana ɗari. Kowa ya san wannan, har yaran da ba su gama sanin damansu da hagunsu ba. Tsofaffi sun ce wanda aka ƙona gawarsa yana kan hanya ne, hanyar kuma doguwa ce. In ya ji sunansa daga baya sai ya waiwayo, wanda ya waiwayo kuwa ya ɓata tafiyarsa. Shi ya sa sai dai ka ji ana cewa "mai tafiyar nan", ko "ta gidan wane", a wuce wurin.

To, amma gwamnati ba ta san da kwana ɗari ba. Abin da ta sani shi ne farkon damina, lokacin da ake tantance manoman shinkafa don a ba su tallafi. Ranar sai Mai gari Sunthon ya tara jama'a a rumfar haikali, ya kunna lasifikar nan tasa da ake ji har bayan gonaki, ya riƙa kiran sunayen da ke cikin rajista ɗaya bayan ɗaya. In ya kira suna, gari ya amsa, "Yana noma," ko "Tana noma." Wata ma'aikaciya daga ofishin gona na gunduma tana gefe tana sa alama. Tun da aka fara wannan taro ba a taɓa samun wanda ya ce a'a ba. Wa zai ce, alhali sunansa na nan tafe? Mun shaidi wanda ya shekara biyar yana tuƙa tasi a Bangkok, mun shaidi wanda gonarsa ta koma makiyayar ɓauna. Bakinmu bai taɓa ciwo ba.

A taron shekarar da nake ba ku labari, matar Bunthan tana da kwana sittin da ɗaya da rasuwa.

Gonar tata ce, fage shida a gabas da gari, gadon uwarta. A nan namiji ke bin mace gidansu da gonarsu, don haka sunanta ne a rajista. Bunthan ya yi shekara arba'in da biyar yana huɗa ƙasar nan, amma har gobe in ya yi maganarta sai ya ce "gonar Uwar Wilai". Haka yake kiran matar tasa, da sunan 'yarsu. Tun da aka ɗaura musu zaren aure a wuyan hannu bai taɓa furta sunanta na yanka ba, ita ma Baban Wilai take ce masa.

Ciwon baya ne ya cinye ta, ya bi ƙashi ya zauna. A makonta na ƙarshe, tana kwance a kan tabarma, ta ji tsawar farko ta shekara, sai ta yi murmushi.

"Ka san abin da ke faranta mini rai, Baban Wilai?" ta ce. "Bana ba zan sunkuya ba. Kowa ya shiga taɓo, ni ina miƙe."

Ya yi mata faɗa a kan wannan magana, ita kuwa ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Ana gobe taro Wilai ta bugo waya daga masaƙar da take aiki a birni. Ita ke riƙe da katin bankin uwarta, ita ke da yara biyu a makaranta da miji wanda ba a ganinsa sai cin abinci.

"Baba, kar ka kai musu takardar mutuwar nan tukuna," ta ce. "In aka taɓa sunan yanzu, tallafin bana ya wuce mu. Bari a biya, sai mu gyara a tsanake."

"Za a kira sunanta a lasifika fa, Wilai."

"Haba Baba. Suna ne kawai a takarda. Inna da kanta za ta ce maka kar ka bar kuɗin."

Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Marigayiyar ba ta taɓa barin ko ƙwayar shinkafa a bakin kwano ba.

Da aka zo kan layinsu, Mai gari Sunthon ya yi turus. Ya ɗaga kai daga takarda ya dubi Bunthan ta saman tabarau. Rumfa ta yi tsit, har ana jin fankar sama tana kuka. Ma'aikaciyar gunduma baƙuwa ce, ba ta san wainar da ake toyawa ba, ta ɗaga biro tana jira. Bunthan ya sunkuyar da kai ya ɗago, kaɗan dai, kamar mai korar ƙuda.

Mai gari ya kai baki ga lasifika. "Thongmuan Saenkham. Fage shida."

Sunan ya fita ta kan rufin haikali, ya tsallake tafki, ya je ya bugi itatuwan bayan gonaki ya dawo. Ba wanda ya amsa. Bunthan ne ya fara, da wata murya da shi kansa bai gane ta ba.

"Tana noma."

Sai gari ya bi shi, maza da mata, kamar yadda aka saba. "Tana noma." Mutum ɗaya ce ba ta buɗe baki ba, Yaya Kaeo, yayar marigayiyar. Ta tofar da jan yawun ganyen da take tauna a ƙasa, ta ɗauki sandarta ta fita.

Dabarar Bunthan mai sauƙi ce, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Gwiwoyinsa sun daɗe da yi masa tawaye, 'yan ƙodago kuwa sun yi tsada. Ya yi niyyar ya dasa fage ɗaya na bakin hanya, wanda in masu dubawa sun zo a mota za su gani su ɗauki hoto, sauran biyar ɗin ya bar wa ciyawa da kwaɗi. Shinkafar hoto muke ce mata. Sai dai da ya zo zuba iri a gadon raino, hannu ya bi sabo, ya zuba na fage shida kamar kullum. Maƙwabcinsa ma da ya zo da tarakta, bai tambaya ba ya markaɗe duka shidan, ruwa ya kwanta a kansu luf.

Kwana huɗu ya yi yana dashen fagen bakin hanya, yana yi yana tsine wa gwiwoyinsa. A rana ta biyar da yamma ya leƙa gadon raino ya tarar an cire iri daga gefe ɗaya, an cire shi da kyau, an karkaɗe taɓon saiwa a gindin turke kamar yadda ake yi. Ya fara zagin ɓarawo. Da ya juya sai zagin ya maƙale masa a wuya. A fage na biyu, wanda bai taɓa ba, layuka sun kai ashirin suna tsaye a cikin ruwa, kore shar.

Ya ba da labari a shagon shayi, aka yi masa dariya.

"Ɓarawon da zai sace maka iri ya dasa maka a gonarka? Kawu, in ka kama shi ka turo mini shi, ina da 'ya."

"Ko dai kai ne kake yi, giya ta hana ka tunawa?"

Ya yi dariyar shi ma. Amma washegari da safe ya zagaya kusurwar gabas, inda ɗan turken kakan gona yake, wato kurwar da muke cewa tana tsaron ƙasar. A garinmu kafin kowa ya dasa ko tsinke, mai gona kan je wannan kusurwa da dafaffiyar kaza da 'yar giya, ya dasa gindi bakwai na kakan gona, sannan a fara aiki. Ba a wakilta kowa, mai gona ne da hannunsa. Bana Bunthan bai yi ba. Ya ce a ransa ai ba gonarsa ba ce, kuma shinkafar hoto ba ta cancanci kaza ba.

Gindi bakwai suna nan a kusurwar, an dasa su a da'ira.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma fage na biyu ya dubi layukan da idon da ya ƙi duban su da shi jiya. Matarsa bahaguwa ce. Dashenta duk garin nan an san shi, kowane gindi ya ɗan karkata dama, kamar iska ta taɓa shi. Kuma tana da wata al'ada: in ta yi layi goma sai ta ja baya zuwa gaɓar fage, ta dafa ta da hannu ta miƙe ta huta, wurin da ta tsaya sai ya bar 'yar tazara a tsakanin layuka. Ya ƙirga. Layi goma, tazara. Layi goma, tazara. A kan gaɓar, cikin ɗanyen taɓo, ga sawun tafin hannun hagu, ƙaramin yatsa a lanƙwashe inda lauje ya taɓa yanke ta tana budurwa.

Ya sa nasa hannun kusa da sawun, bai taɓa shi ba.

Bai tsaya gadi da dare ba, don ya lura ba da dare ake aikin ba. Da safe in ya zo, abin da ya bari jiya shi yake tararwa. Sai ya tafi gida cin abincin rana ya dawo, ya ga an ƙara. Tsakar rana ce, lokacin da kowa ya gudu inuwa, ko kare ba ya ratsa gonaki. Lokacin da aka kunna wa gawarta wuta ke nan a bayan haikali.

Don haka ranar ya ƙi tafiya gida. Ya zauna a rumfar gona, ya jingina da turke, rana ta hau ta tsaya. Gyare suna ta kuka a bishiyoyi, can sai suka yi shiru gaba ɗaya kamar an rufe musu baki. Babu iska. Ruwan fagen ya kwanta kamar faranti, gajimare a cikinsa. Sai ya ga ruwan ya motsa a wuri ɗaya, ƙaramin zobe ya buɗe ya bazu. Wani ya biyo shi, taku ɗaya a baya. Wani kuma. Mai dashe da baya yake tafiya, wannan ma da baya yake tafiya.

Bai taɓa ganin iri ya shiga taɓo ba. In ya zuba ido, ruwa ne kawai da zobensa. In ya ƙifta, ko ya share zufa, sai ya ga gindi uku sun ƙaru, a karkace. A haka aka cika layi goma. Zoben ya matso bakin gaɓa ya tsaya, taɓon gaɓar ya ɗan lotsa. Sai ya ji, a hankali, kusa da shi ƙwarai:

"Wash."

Shekara arba'in da biyar yana jin wannan "wash" ɗin.

Yanzu zan faɗa muku abin da bai faɗa wa kowa ba sai daga baya. Bai ji tsoro ba. Daɗi ya ji. Wani irin daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa. Washegari ya zo da kwandon shinkafa mai danƙo da dakakkiyar gwanda da kifin da aka tsima a tulu, ya raba biyu, ya ajiye nata a inda take zama. Ya ba ta labarin gari, wanda ya sayi babur da wadda ta gudu da direba. Ya yi mata ƙorafin gwiwa. Abincin bai ragu ba, amma shi ya ci nasa ya ƙoshi, karo na farko tun bayan jana'iza. Kwana shida ya yi a haka, mutum da matarsa a gona, ita tana aiki shi yana zaune.

A rana ta bakwai ya ga Yaya Kaeo tana tahowa a kan gaɓa da sandarta, rana na dukan farin kanta. Ba ta gaishe shi ba. Ta tsaya ta dubi fage na biyu da na uku da aka gama, ta dubi na huɗu da aka ci rabinsa.

"Ka ji daɗinka, mijin ƙanwata," ta ce. "Ka samu ɗan ƙodagon da ba ya ci, ba ya karɓar lada."

"Yaya, ni ban kira ta ba."

"To wa ya kira ta? Ni? Ku ɗari da wani abu kuka taru a gaban haikali kuka rantse tana noma. Ƙanwata ba ta taɓa barin a yi ƙarya da sunanta ba. Kun ce tana noma, ga shi tana noma." Ta nuna da sanda. "Ka iya ƙirge ai. Ƙirga mini."

Ya ƙirga. A fage na biyu layi goma ne kafin tazara. A na uku ya koma bakwai, can ƙarshe biyar. A na huɗu, inda ake yanzu, layi uku tazara, layi biyu tazara. A bakin gaɓa kuma ba sawun hannu ɗaya ba ne, biyu ne, da wani dogon lotsi a tsakaninsu, irin na wanda ya kifa goshi a ƙasa.

"Ta kai ciwon can ma," in ji Yaya Kaeo. "Mun ƙona ƙashin, ciwon bai ƙone ba. Saura fage biyu da rabi. Daga nan cire ciyawa, daga nan girbi. Baɗi kuma a sake kira. Yaushe za ta miƙe, Bunthan?"

Kwandon shinkafar nan da ya raba biyu yana gabansa, ya ji kunyar kallonsa.

"Bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa," ta ce, ta juya.

Da sassafe ya hau motar kasuwa zuwa gunduma, takardar mutuwar a cikin leda a aljihun riga. Ma'aikaciyar nan ce ta taron. Ta karanta, ta dubi kwanan wata, ta dube shi.

"Baba, ai kai ka fara shaidawa. Na ji ka da kunnena."

"Ni ne, 'yata."

"An rufe rajista. In na soke wannan suna, tallafin bana ya tafi, ba mai dawo da shi. Kuma ba zan iya sokewa da takarda kaɗai ba, sai garin da ya shaida ya janye shaidarsa, mai gari ya sa hannu." Ta rage murya. "Ka koma gida, Baba. Ni ban ga komai ba. Wa zai sani?"

"Ita ta sani," ya ce.

Mai gari Sunthon kuwa da ya ji buƙatar, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Kawu, so kake ka tona mana asiri? In muka ce mun yi ƙarya a kan suna ɗaya, gobe su zo da mota biyu su buɗe sauran. Rabin garin nan shinkafar hoto ce. Ka je ka kai wa malaman haikali abinci da sabon mayafi, a yi mata addu'a, shi ke nan."

"Na kai. Ta ƙara layi goma sha biyu ranar."

"Kawu, zafin rana ne. Ka riƙa sa malafa."

Bunthan ya bi gida gida. Kowa ya tausaya masa, kowa ya ba shi ruwa, ba wanda ya yarda a sake taro. Waɗanda gonarsu ke kusa da tasa ma sun daina bi ta gabas da rana, sun san abin da suka gani, amma sanin ido daban, na baki daban. Kwana uku ya ɓata a wannan yawo. Da ya koma gona ya tarar an shiga fage na biyar, kuma yanzu kowane layi ɗaya da tazararsa.

Gidajenmu a kan dogayen turaku ake gina su. Lasifikar gari a ƙarƙashin gidan mai gari take, a kan wani tebur, kusa da ragar lilon da yake kwanciya a kai. Da tsakar rana mai gari yana cikin ragar, baki buɗe, rediyo na yi masa waƙa a ciki. Bunthan ya shigo ba sallama. Ya taɓa ganin yadda ake kunnawa. Ya murɗa, abin ya yi ƙara mai tsinka kunne, karnukan gari suka ɗauka. Mai gari ya zabura zai faɗo.

"Kawu! Me kake yi haka?"

Bunthan ya riƙe abin maganar da hannu biyu. Ya buɗe baki ya ce "Uwar Wilai", ya tsaya. Ba wannan ne sunan da aka ɗaure ta da shi ba. Tsoho ɗan shekara sittin da takwas, kunya ta kama shi kamar ango.

"Thongmuan," ya ce. Sunan ya fita ta kan rufin gidaje, ya tsallake tafki. "Thongmuan Saenkham. Fage shida." Ya ja numfashi. "Ba ta noma. Ƙarya na yi. Ba ta noma, ta gama."

Shiru. Gyare ma sun yi shiru. Gari guda yana kwance a inuwar gidajensa yana ji, kowa yana jiran wani. Mai gari ya miƙa hannu zai kashe, sai hannun ya tsaya a iska.

Daga can ƙarshen layi wata tsohuwar murya ta tsage. Yaya Kaeo ce. "Ba ta noma!"

Sai matar mai shayi, daga bayan shagonta. Sai maƙwabcin nan mai tarakta. Daga nan abin ya bi gari, ba a tare ba kamar a rumfar haikali, ɗaiɗai, daga ƙarƙashin wannan gida da wancan, wasu da ƙarfi, wasu kamar ana zare musu haƙori. Mai gari Sunthon ya dubi hannunsa, ya ga gashin jikinsa a tsaye. Ya karɓi abin maganar ya ce a ciki, "Ba ta noma," ya kashe, ya ce a kawo masa biro.

Bunthan bai jira ba. Ya nufi gabas da iyakar saurin da gwiwa ta yarda masa.

Fage na biyar yana nan shiru, gyare sun dawo da kukansu. Layin ƙarshe ya tsaya a tsakiya, gindi goma sha ɗaya, sauran ruwa ne. A inda ya tsaya, damin iri yana yawo a kan ruwa, igiyarsa a kwance, kamar an sake shi daga hannu ana tsakiyar aiki. Ya duba gaɓar fage kaf, babu sabon sawu. Ba ta dafa komai ba wannan karon.

Ya zauna a rumfa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya yi murna, kuma ya ji kamar an sake mutuwa a gidansa. Ya jira har la'asar ko zai ji "wash" ɗin nan sau ɗaya. Bai ji ba.

Ranar Litinin aka soke sunan. Ma'aikaciyar ta ja layi, ta buga hatimi, sannan ta juyo da wata sabuwar takarda.

"Fage ba ya zama ba suna, Baba. Na wa za a sa saboda baɗi?"

Bai yi tunani ba. Ya ba da nasa, ta rubuta, ya dangwala yatsa.

Sauran fage ɗaya da rabi shi ya ƙarasa su, a hankali, layi biyu ya huta. Yana cikin ruwa har ƙauri, damin iri a hannu, wayar Wilai ta shigo. Ta riga ta ji komai daga bakin ƙawayenta. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce ya zubar musu da mutunci a lasifika, ya kuma zubar da kuɗin makarantar jikokinsa saboda maganar tsofaffi. Ya bar ta ta gama.

"An sa sunana yanzu," ya ce.

"To, gara haka," ta ce, tana jan hanci. "Ka aiko mini da katin bankin in riƙe maka, kar ya ɓata. Kuma don girman iyayenka, Baba, kar a ƙara taɓa wannan suna. Ya zauna inda yake."

"Wilai."

"Na'am, Baba."

"Ran da na mutu, ki kai musu takarda kafin damina. Kafin a kira."

Ta yi 'yar dariya. "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Kana nan da ranka."

"Ki ce mini za ki kai."

Sai aka yi shiru a wayar. Ba dogon shiru ba ne, bai wuce a ɗaga kai a sauke ba. Amma Bunthan ya san shi, don shi ma ya taɓa yin irinsa a rumfar haikali, mai gari yana dubansa ta saman tabarau.

"Zan duba, Baba," ta ce. "An kira mu aiki."

Ya mayar da wayar aljihu. Rana ta kusa tsayawa a tsaka. Ya dubi fagen da yake ciki, ya dubi sauran biyar ɗin har zuwa bakin hanya, ya ga ashe gonar tana da faɗi haka. Gwiwarsa ta soke shi. Ya ja baya zuwa gaɓa, ya dafa ta da hannu ya miƙe, ya tsaya yana kallon sawun tafinsa a cikin ɗanyen taɓo.